Koriyar Sitika a Katin Auta

Lahadi, ƙarfe 7:20 na safe

An yi wa Auta aiki jiya da rana, an cire masa afendis, ya farka lafiya. Alhamdulillahi. Littafin nan na saya ne don in riƙa rubuta lokutan maganinsa, ga shi tun a shafin farko na ɓige da surutu.

Tun ranar Juma'a yake riƙe da ciki, ni kuma ina ta yi masa tsiya wai ya cika haɗama. Ƙato ne ɗan shekara ashirin da shida, mai gyaran waya da shagon kansa, amma da ciwo ya taɓa shi sai ya koma yaron nan da Innarmu ta rasu ta bar mini. Jiya da safe na danna masa ƙasan ciki ta dama, na saki, ya yi wata ƙara da ta fito da Maigida daga ɗaki ba takalmi. Shekarata goma sha huɗu ina aikin nas, ba sai an gaya mini ba.

Ba ranar aikina ba ce. Da muka isa teburin ƙofar asibiti, inda nake zama kwana biyar a mako, abokiyar aikina ta tashi ta ba ni kujera. Ta ce in cike katin ƙanina da kaina, ai na fi kowa saninsa, ita bari ta nemo keken marasa lafiya. Haka muke yi wa juna. Wa zai tsaya yana yi wa ƙanin abokiyar aikinsa tambayoyi kamar baƙo?

Tun da annobar nan ta shigo, tambaya huɗu muke yi a teburin: zazzaɓi, tari, daina jin ƙamshi, zama da mai cutar. Wanda ya ce e ko sau ɗaya, a manna wa katinsa jar sitika, ya je ya jira ɗakin tiyatar ja. Ɗakin guda ɗaya ne tak, kuma sai an yi awa biyu ana wanke shi tsakanin mutum da mutum. Wanda ya ce a'a duka a manna masa koriya, ya wuce kai tsaye. Ma'aikata masu shekaru da masu suga ko hawan jini an ɗauke musu ja, kore kawai suke taɓawa.

Koriya na manna. Kafin minti arba'in yana kan teburin tiyata.

Baba Mai Barci ne ya sa shi barci. Shekararsa sittin da ɗaya, yana da suga, saura wata huɗu ya yi ritaya, kuma duk asibitin nan babu wanda bai taɓa cin goron bakinsa na barkwanci ba. Shi ya koya mini neman jijiya a hannun jariri lokacin da nake sabuwa. Da ya fito ya ce ya sa Auta ya ƙirga daga goma ya yi ƙasa, wai a bakwai ya tsaya yana roƙon a ajiye masa abin a kwalba zai rataya a shago. Dogo, likitan da ya yi aikin, ya ce da an ƙara awa biyu da ya fashe.

Awa biyu. Tun jiya nake maimaita wa kaina wannan.

Lahadi, ƙarfe 5:50 na yamma

Na kasa cin abinci. Gajiya ce.

Litinin, ƙarfe 1:10 na rana

Auta ya yi tari sau biyar tsakanin ƙarfe tara da sha ɗaya. Na ƙirga. Kowa yana tari idan an zura masa roba a maƙogwaro, duk nas ta san haka, har na yi wa matar da ke jinyar mijinta a gado na gaba wannan bayanin, alhali baiwar Allah ba ta tambaye ni ba.

Sai ga Baba. Al'adarsa ce, duk wanda ya sa barci sai ya zagayo ya ga yadda ya tashi. Ya zauna a gefen gadon, takunkuminsa ya zame ƙasan hanci kamar kullum, wai yana sa tabaransa yin hazo. Na shiga tsakaninsu ina taɓa ledar ƙarin ruwa da babu abin da ya same ta. Ya ce, "'Yata, matsa mana, ko gadon naki ne?" Na sa hannu na ja masa takunkumin sama. Ya yi dariya ya ce wa Auta ya ga ta kansa, wannan yayar tasa ko mala'ikan mutuwa ya zo sai ta tambaye shi ko ya wanke hannu.

Na yi dariya. Na ji ta a kunnena, ba ta yi kama da tawa ba.

Yana fita na bi Dogo har ofis na roƙe shi ya sallame mu yau. Ya ce ya fi so Auta ya ƙara kwana. Na ce gado yana wuya, ga nas a gida, me ya rage? Ya sa hannu.

Talata, ƙarfe 4:30 na yamma

Na sa Auta a ɗakin zaure, na hana yara shiga, na ce kada su taɓa masa ɗinki. Kwanonsa daban, kofinsa daban, ni kaɗai ke shiga, da takunkumi biyu.

Ɗazu ina canza masa bandeji, yana kallon silin, ya ce, "Yaya, me ya sa kika ce in Baba ya tambaye ni in ce ban yi zazzaɓi ba?"

Na hau shi da faɗa. Na ce da ya fi so in bar shi a benci cikinsa ya fashe? Na ce mutum a ceci ransa, bakinsa bai buɗe da godiya ba sai da tambaya. Na manna filasta da ƙarfin da ya wuce kima, ya runtse ido.

Shi bai ga abin da na gani ba. Mako biyu ke nan wata mata ta zo da ciwo irin nasa sak. Na yi mata tambaya huɗu, ta ce gaskiya tana ɗan tari, ba za ta ɓoye ba. Da hannuna na manna mata ja. Awa tara ta yi a bencin ja tana jiran ɗaki, abin ya fashe a cikinta, kwana huɗu ta rasu. Ni na miƙa wa mijinta takalmanta a leda. Gwajinta ya fito daga baya, ashe ba ta ma da cutar.

Ranar Larabar da ta wuce Auta ya ƙona mini tukunya. Yana zaune dab da ita yana danna waya, hayaƙi ya cika kicin, shi bai ji komai ba. Yara suka yi ta dariya wai hancin Kawu ya tafi hutu. Ni ban yi dariya ba.

Alhamis, ƙarfe 8:05 na safe

Baba bai zo aiki ba. Mura ce, in ji su. Na wuce ta ƙofar ɗakinsu sau uku kamar ina neman wani abu. Kujerarsa tana nan da matashin da yake jingina bayansa, rediyonsa a kashe.

Mura tana yawo a garin nan. Kowa yana mura.

Juma'a, ƙarfe 2:00 na rana

Gwajin Baba ya fito. Yana da ita.

Asabar, ƙarfe 3:40 na yamma

Babbar Sista ta tara mu a rumfar ajiye motoci, kowa nesa da kowa. Ta zo da katunan duk waɗanda Baba ya sa barci cikin kwana goma, su goma sha bakwai, duk kore. Ta ce za a kira su ɗaya bayan ɗaya a gwada. Tana jujjuya katunan tana karanta suna, ni kuma ina kallon wata ƙusa a ƙasa.

Da ta zo kan na Auta ta ɗago kai ta ce, "Wannan namu ne. Sista, ya jikin nasa? Ba zazzaɓi, ba tari?"

Na ce, "Lafiya lau, sai ci."

Aka yi dariya. Ta ware katin gefe guda. Shi ke nan, an gama binciken Auta.

Ba mu watse ba sai ga Dogo da labari. An gwada mutanen gidan Baba. Mama, matarsa, ba ta da ita. Amma ɗansa Injiniya, wanda ya dawo gida mako biyu da suka wuce da aka rufe aikin hanyar da yake yi a can nesa, yana da ita, kuma ko atishawa ba ya yi. Dogo ya ce to, ga inda ta fito. Kowa ya gyaɗa kai. Babbar Sista ta ce ta san teburin ƙofarta ba ya wasa, ta dube ni ta ce a ci gaba da haka.

Daɗi na ji. Bari in rubuta yadda yake: wani sanyi na ji har tafin ƙafata. Allah Ya yafe mini, da na dawo gida har na ci abinci na ƙara.

Lahadi, ƙarfe 11:00 na safe

Wa ya sani ma? Cutar nan ba ta sa hannu a takarda. Yaron ya dawo daga tafiya, ya shiga mota da mutane, ya kwana gida ɗaya da ubansa mako biyu. Auta minti hamsin kawai ya yi a hannun Baba. Mako biyu da minti hamsin, ai ko yaro ya san wanne ya fi nauyi. Ban ma gwada Auta ba, to da wace hujja zan ce yana da ita?

Na san dalilin da ya sa ban gwada shi ba.

Na kuma san yadda ake sa robar. Mai sa barci yana sunkuyawa ne har fuskarsa ta kusa taɓa bakin mutum, yana leƙa maƙogwaro. A ɗakin ja suna yi da gilashin fuska da rigar leda da takunkumi mai kauri. A kore kuwa shuɗin takunkumin nan ne kawai, na Baba kuma ƙasan hanci.

Maigida yana guga a falo, tun da aka rufe makarantu ya zama sarkin guga. Bai ɗago kai ba ya ce ya ji an ce ɗan Baba ne ya kawo masa cutar. Na ce haka aka ce. Ya ce, "To." Yana gida ranar tukunya. Wannan "to" ɗin da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na kama shi da faɗa a kan ya bar famfo yana ɗiga, na yi ta yi har ƙaramarmu ta fara kuka.

Talata, ƙarfe 5:15 na yamma

An kwantar da Baba a ɓangaren killacewa jiya, numfashinsa ya fara sarƙewa. Yau na je na ce a mayar da ni can. Babbar Sista ta riƙe baki, ta ce wasu suna kawo takardar likita don a cire su, ni ina kawo kaina. Ta faɗa a gaban mutane wai a yi koyi da ni. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Laraba, ƙarfe 4:50 na yamma

Rigar ledar nan azaba ce. Awa ɗaya gumi ya taru a takalmin roba, kana tafiya kana jin caɓal-caɓal. Ba a gane kowa, duk mun zama fararen buhuna masu ido. Amma ina shiga Baba ya ce, "Mai tsaron ƙofa, wa kika bar wa ƙofar?" Wai tafiyata ya gane, ina taka ƙasa kamar tana da laifi.

Ya rame cikin kwana shida. Yana magana yana hutawa tsakanin kalma da kalma, amma bakin nan bai mutu ba. Shi yake gaya mana nawa za a sa masa iskar, in an juya baya ya miƙa hannu ya gyara da kansa. Ya ce shekara talatin yana sa mutane barci, yau ga shi an hana shi nasa, kowane minti wani buhu ya zo ya matse masa yatsa.

Ya tambayi Auta. Ko ɗinkin ya bushe, ko yana tafiya, ko an ba shi kwalbarsa. Na ce duk lafiya. Ya ce madalla, aikin ya yi kyau, Dogo yana da hannu.

Na fito na cire kaya bisa ƙa'ida, ɗaya bayan ɗaya, na wanke hannu sau bakwai kamar yadda aka rubuta a bango, sannan na shiga banɗaki na yi amai.

Juma'a, ƙarfe 1:30 na rana

Mama ta zo bakin ƙofa da wankakkun kaya da filas. Ba a barin kowa ya shiga, sai aka ce ni in je in karɓa, tunda na san gidan. Tana tsaye bayan igiyar da aka ɗaura, idanunta sun kumbura.

Ta fara yi mini addu'a. Wai an gaya mata ni na nemi a kai ni wurinsa, Allah Ya ba ni 'ya'ya masu jin ƙaina. Daga nan ta koma kan Injiniya. Ta ce ta roƙe shi a waya ya zauna inda yake har abin ya lafa, ubansa ba lafiyayye ba ne, ya ƙi ji. Yanzu yana ɗakin baya a kulle, tana ajiye masa abinci a ƙasa bakin ƙofa ta juya. Magana ɗaya ta yi masa tun ranar, ta ce, "Sannu da zuwa, mun ga tsaraba."

Ta tsaya tana jiran abin da zan ce.

Na ce, "Mama, a yi haƙuri, ai ba da gangan ya yi ba."

Ba da gangan ya yi ba. Ni na faɗi haka, da bakin nan nawa. Na ɗauki filas na juya, tana ta sa mini albarka a baya.

Lahadi, ƙarfe 9:10 na safe

Na koma shafin farko na karanta. Ko a nan ban iya gaskiya ba. Na rubuta kamar kujera aka ba ni, hannuna ya miƙa kan koriya ba shiri.

Kafin mu bar gida na auna shi, zafinsa talatin da takwas da rabi. Na ba shi farasitamol biyu da ɗan kurɓin ruwa, na duba agogo, na sa Maigida ya jira minti arba'in kafin ya tayar da mota, na ce ina haɗa kaya. Mai ciwon da za a yi wa aiki ba a ba shi komai ta baki, ni nake koya wa ɗalibai haka. Na ba shi ne don na'urar auna zafi ta bakin ƙofa ta nuna lafiya. A mota kuma na koya masa amsa huɗu.

Kuma na san wanda ke aikin kore ranar Asabar. Jadawalin yana manne a bangon da nake kallo kullum. Har na ji daɗi da na tuna Baba ne, na ce ƙanina zai shiga hannu mai kyau.

Litinin, ƙarfe 4:20 na yamma

Yau na yi niyyar gaya wa Baba gaskiya. Tun a mota na shirya maganar, gajeriya, jimla uku.

Na same shi a farke, iskar ta kai ƙarshen abin da bututun hanci ke iya bayarwa. Ya yafito ni. Ya ce yana da saƙo, in gaya wa Mamanmu ta sassauta wa yaron nan. Cuta ce, ba shi ya ƙirƙiro ta ba, yaro ya dawo gidan ubansa ina laifi? Ya ce ya san halinsa, tun yana ƙarami in ya fasa kofi sai ya ɓuya a bayan ƙofa ya ƙi cin abinci. Sai da ya huta sau huɗu kafin ya gama.

Na ce, "Baba."

Ya juyo da idonsa yana jira. Ya daɗe yana jira, mutumin da kowane numfashi sai ya yi kokawa da shi.

Na ce, "Lokacin juyawa ya yi, ka kwanta kan cikinka."

Na taya shi ya juya, na gyara masa matashi. Ya ce Allah Ya yi mini albarka. Saƙon ma ban kai wa Mama ba, don ban san da wace fuska zan tsaya in ce mata ta yafe wa ɗanta ba.

Talata, ƙarfe 6:30 na safe

Gobe. In ya ɗan samu sauƙi, gobe.

Laraba, ƙarfe 3:05 na yamma

An sa shi a injin numfashi da hantsi. Wanda ya zura masa robar ɗalibinsa ne. Baba ya gaya masa lambar robar da zai ɗauka, ya ce kada ya yi sauri, haƙoransa na gaba na roba ne. Sannan ya fara ƙirgawa da kansa ba wanda ya sa shi. Goma, tara, takwas. Ban ji bakwai ba.

Yanzu ko na faɗa ba ya ji.

Juma'a, ƙarfe 11:35 na safe

Baba ya rasu.

Asabar, ƙarfe 5:00 na yamma

Mutum goma kawai doka ta yarda su raka shi. Dogo ya je a madadinmu. Ya ce Injiniya bai fito ba, alhali gwajinsa na biyu ya nuna ya warke, babu abin da ya hana shi. Kawunsa ya yi ta buga ƙofa, ya ce daga ciki su tafi, shi bai cancanci ɗaukar gawar ba.

An mayar da ni teburin ƙofa, wai in huta. Yau na yi wa mutum sittin da wani abu tambaya huɗu. Wani dattijo ya ce ba ya tari, ina jin ƙirjinsa yana kuka daga inda nake. Na daka masa tsawa na ce ƙarya yake yi, bai san rayukan mutane yake wasa da su ba? Ya sunkuyar da kai ya ce tsoro ya ji. Abokiyar aikina ta taɓa kafaɗata ta ce in je in sha ruwa, duk mun san yadda nake da Baba.

Litinin, ƙarfe 6:00 na yamma

Auta ya warke sarai. Tabon ɗan siriri ne, tsaf. Ɗazu ya ce sabulun da na saya yana warin magani, ya faɗa yana murna, sai ya ga fuskata ya daina.

Ya ji labarin a waya, har da na Injiniya, don duk wanda ya san gidan maganar da yake yi ke nan. Ya same ni a kicin ya tsaya a bakin ƙofa. Ya ce, "Yaya, ni ma na ce a'a. Mutumin ya dafa goshina ya tambaye ni, na kalli idonsa na ce a'a." Ya ce tun jiya bai runtsa ba, kuma in ban je gidan ba shi zai je.

Na yi masa tas. Na ce ya san abin da za a yi mini? Za a karɓe lasisina, shekara goma sha huɗu ta tafi a banza, a riƙa nuna 'ya'yana a hanya. Na ce don wa na yi, ba don shi ba? Na ce da Innarmu tana raye da ta ce na yi daidai. Ya ce kada in sa Inna a ciki. Tunda aka haife shi bai taɓa yi mini magana da wannan muryar ba.

Maigida ya shigo ya kashe gas ɗin da na manta a kunne. Ya ce ranar da na shirya zai kai ni, ya jira a mota.

Talata, ƙarfe 7:00 na safe

Da za a mayar da ni ranar Asabar ɗin nan, Auta yana naɗe a keke yana nishi, ban san wacce zan manna ba. Wannan ma abin kunya ne, amma shi ne gaskiya.

Laraba, ƙarfe 6:10 na yamma

Na je.

Mama tana zaune a tsakar gida ita kaɗai, kujerun da aka jera wa masu gaisuwa babu kowa a kai. Ta ga ni ta fara murmushi, ta ce 'yar Baba ce. Na ce kada ta kira ni haka sai ta ji abin da ya kawo ni. Ban zauna ba. Na faɗa mata duka, tukunya, farasitamol, amsa huɗu, koriyar sitika, katin da aka ware gefe. Ban yi kuka ba, na ga ba ni da hurumin yin kuka a gidan nan.

Na jira zagi, na jira ta tashi ta mare ni, da na samu sauƙi. Sai ta nuna ɗakin baya da haɓa ta ce, "Ba ni za ki gaya wa ba."

Sai da na buga sau uku ya buɗe. Injiniya mai tsayi ne kamar ubansa, gemu ya cika masa fuska, ga kwanon abinci a ƙasa ba a taɓa ba. Na sake faɗa, wannan karon a gajarce. A ƙarshe na ce babu wanda zai iya tabbatar da ta inda ta shiga, ko ta wurin ƙanina ko ta wani wuri. Ko a nan sai da na nemi 'yar ƙofar fita.

Ya ce, "Tun yaushe kika sani?"

Na ce tun ranar farko.

Ya koma ciki ya ɗauko wayarsa, ya daddanna, ya juyo mini da fuskarta. Kira uku da ba a ɗauka ba, duk daga lambar Baba. Ya ce, "Ina zaune a nan ina kallonta tana ƙara. Na kasa ɗauka. Me zan ce masa, ni da na kashe shi? Na ce sai ya warke in roƙe shi gafara ido da ido." Bai ɗaga murya ba. Ya ce da na faɗa ko da kwana ɗaya kafin a sa Baba a injin, da ya ɗauka.

Ya rufe ƙofar a hankali. Mama ta taso ta wuce ni kamar ba ta gan ni ba, ta tsaya a jikin ƙofar tana kiransa da wani suna na yarinta da ban taɓa ji ba. Na fito. Maigida ya tayar da mota muka dawo gida.

Takardar amsa laifin da zan kai wa Babbar Sista tana jakata, na rubuta na sa hannu. Wannan mai sauƙi ne.

Akwai abin da ban rubuta a littafin nan ba. Kira ukun nan na san da su. Biyu daga ciki ni na danna wa Baba lambar, don yatsunsa ba sa iyawa, na riƙe wayar a kunnensa tana ta ƙara har ta katse. Na san sarai abin da ya hana yaron ɗauka. Baba ya dube ni ya ce ko lafiya yaron nan yake?

Na ce, "Baba, ina jin matsalar sabis ce."